Kafin A Ɗora Maka Nauyin Ikilisiya: Jagora Ga Mai Shirin Shugabanci A Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya tashi daga Dawanau ya nufi Bichi, ko ya ratsa ta Tofa zuwa Bagwai, ko ya miƙe zuwa Dambatta da Kunchi, ya san ƙasar nan ba ta da saura. Gona na jingine da gona, gamba ko layin lalle kaɗai ke raba su, kuma kowace shekara sai an nome su kakaf. Gidaje ma haka suke. In aka ɗaga murya a wani gida, maƙwabta sun ji. In rumbun mutum ya ƙare tun gero bai nuna ba, unguwa ta sani. Cikin wannan cunkoso ne ƙananan ikilisiyoyin Hausawa Masihiyawa suke zaune nan da can, da yawansu zuriyar Maguzawa, tsiraru a tsakiyar dangi da maƙwabta Musulmi.

A irin wannan wuri shugaba ba shi da maɓoya. Fasto a babban birni yana iya tsayawa kan bagadi ran Lahadi a saurare shi, ba wanda ya san yadda yake zaune da iyalinsa. A ƙauye kuwa, masu jin wa'azinka su ne suka ga abin da ka yi da iyakar gonarka ran Talata. Don haka shirin shugabanci a nan yana farawa shekaru kafin ranar zaɓe, kuma a idon jama'a ake yinsa. An rubuta wannan jagora domin magidancin da ake hasashen zai zama dattijon ikilisiya, da saurayin da ke jin kiran zama mai bishara ko fasto, da macen da za ta riƙe Zumuntar Mata, da matashin da aka fara danƙa wa ajin Makarantar Lahadi.

Ka fara sanin irin aikin da kake nema

Sha'awar shugabanci ba laifi ba ce. Manzo Bulus, a sura ta 3 ta wasiƙarsa ta fari ga Timoti, ya yaba wa mai marmarin kula da ikilisiya. Abin dubawa shi ne me mutum yake hange a ciki. Mun tashi muna ganin sarauta: ana faɗuwa a gaida mai unguwa, ana cire takalmi a ƙofar dagaci, ana yi wa hakimi kirari. Da sauƙi matashi ya ɗauka dattijon ikilisiya ma wani rawani ne, da kujerar gaba da babban kwano ranar biki. 'Ya'yan Zabadi sun yi irin wannan zato da suka roƙi wurin zama a dama da hagun Yesu, kamar yadda Markus ya ba da labari a sura ta 10. Sai ya nuna musu cewa a cikin mabiyansa, girma yana wurin wanda ke yi wa saura hidima. A daren da aka bashe shi kuma ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa da hannunsa.

Bishara ma ta wannan ƙofa ta shigo ƙasar nan. Mutum uku na farko na mishan ɗin SIM, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Legas a Disambar 1893, kuma cikin 1894 biyu suka rasu, Bingham kaɗai ya rage. Shekara da shekaru gwamnatin Turawa tana taƙaita wa 'yan mishan wa'azi a cikin masarautun Musulmi. Jinya ce ta buɗe hanya. A ƙarshen shekarun 1930 SIM ta karɓi kula da masu cutar kuturta a Yadakunya kusa da Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, wanda har gobe ake zuwa daga nesa. Da yawa cikin masu bishara na farko a yankin nan sun fara ne da wanke miki, da raba magani, da koyar da abacada. Irin waɗannan mutane ɗarikar ECWA ta gada daga SIM da ta tsaya da ƙafarta a 1954. Mai son kujerarsu sai ya yarda ya gaji aikinsu.

Ka bari a gwada ka

Kira a zuciya ake jinsa, amma ikilisiya ce ke tabbatar da shi. Mafarki ko jin daɗin tsayawa gaban jama'a bai isa shaida ba. Ka ɗauki lokaci kana addu'a a kai, ka tattauna da iyalinka, sannan ka nemi fasto ko dattijon da ya san ka tun kana yaro. Kada ka tare shi a ƙofar majami'a ana watsewa. Ka je gidansa da yamma, ka durƙusa ka gaishe shi, ka tambayi iyali da gajiya, sannan ka ce, “Baba, akwai abin da ke zuciyata game da aikin Ubangiji. Na zo ne ka dube ni ka gaya mini gaskiya.” Dattijon kirki ba zai yi maka madalla nan take ba. Ya fi yiwuwa ya ce, “To ɗana, mun ji. Ka riƙa sammako ran Lahadi kana share majami'a, sai mu gani.” Kada ranka ya ɓaci. Amsar da ta dace ke nan.

Daga nan sai ka karɓi duk ƙaramin aikin da aka miƙo: jera benci, buga ƙararrawa a kan lokaci, karanta nassi, koyar da yara, raka fasto gaida marasa lafiya, fita ƙauyukan kewaye tare da 'yan ƙungiyar wa'azi ta Sabon Rai. Ka zaɓi mutum guda da za ka zauna a ƙarƙashinsa kana koyo. Joshuwa ya daɗe yana yi wa Musa hidima kafin a ba shi jama'a. Elisha yana huɗa da shanu aka kira shi, kuma abin da aka fara saninsa da shi shi ne zuba wa Iliya ruwan wanke hannu. Bulus ya hana a naɗa sabon tuba don kada girman kai ya kā da shi, ya kuma ce a fara gwada masu hidima tukuna. Manomin ƙasar nan ya san tun rani ake yanke hukuncin abin da za a girba da kaka, lokacin da jakai da amalanke ke jigilar taki cikin ƙura da zafin rana. Shekarun ƙananan hidimomi su ne takin shugabanci, kuma ba a tsallake su.

Gida da gona

Ka zauna da matarka ku karanta sharuɗɗan da ke 1 Timoti 3 da Titus 1, ɗaya bayan ɗaya. Za ku lura kusan dukkansu hali ne: kamewa, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, rashin faɗa, riƙon gida. Iya koyarwa kaɗai ne ya shafi gwaninta. Ka bar ta ta faɗa maka inda kake da giɓi, don ita ce ta fi kowa sani.

Aure ne farko. Mace ɗaya, a riƙe ta da mutunci, ba duka, ba zagi a gaban yara. Ka nemi yardarta tun kafin ka amsa kowane muƙami, domin nauyin zai sauka a kanta: ita za ta ƙara tuwo in baƙon wa'azi ya kwana, ita mata za su riƙa kawo wa kuka. Macen da za ta shugabanci Zumunta ita ma ta daidaita da maigidanta a kan fita taro da kwana a wani gari. Yara su tafi makaranta, mata da maza, ko da kuwa za a sayar da akuya.

Sai giya. A gidajen kakanninmu burukutu na cikin biki da gayya da zaman makoki, kuma har yanzu ana dafawa a wasu gidajen dangi. Mai shirin shugabanci ya rabu da ita gaba ɗaya, ba tare da ya yanke zumunci da masu sha ba.

Sai sana'a. Ikilisiyar da ba ta wuce gida ashirin ko talatin ba, ba za ta iya ɗaukar nauyin ma'aikacinta duka ba, musamman a Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa baiko ma ya ja baya. Bulus ya ɗinka tantuna a Koranti tare da Akila da Biriskila don kada ya zama kaya ga masu bi. Ka riƙe gonarka da kyau, ka yi kiwon awaki da kaji, ka koyi ɗinki ko kafinta ko gyaran babur. In kana kusa da madatsar Watari ko ta Thomas, ka nemi ɗan fili ka yi noman rani. Gonar shugaba da ciyawa ta cinye tana rage wa maganarsa nauyi a wurin manoma. Amma ka zaɓi sana'ar da za ta bar ka a gida. Wanda ke tafiya cin rani wata biyar ba zai iya kula da jama'a ba, kuma mai harkar dabbobi ya yanke shawara tun wuri a kan abin da zai yi da kasuwar Dambatta da ke ci ran Lahadi.

Bashi kuma ka biya shi kafin a biyo ka. Ka guji cin bashi a hannun 'yan ikilisiya, don wanda kake jin nauyinsa ba za ka iya tsawata masa ba. In akwai tsohuwar rigimar gado ko ta iyaka tsakaninka da ɗan'uwa, ka kashe ta yanzu, ko da za ka yi asarar kunya biyu ko uku na gona.

Littafi da karatu

Tun 1932 Hausawa suke da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshensu, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya yi tare da abokan aikinsa, sannan aka sami sabuwar fassara a 1979. Ka mallaki naka, ka karance shi daga Farawa zuwa Ru'ya ta Yohanna. Surori 1,189 ne. Sura uku kullum, biyar ran Lahadi, za su kai ka ƙarshe cikin shekara guda. Ka riƙa karantawa da murya, domin da yawa cikin tsofaffin da za ka yi wa hidima ba su iya karatu ba, daga bakinka za su ji Maganar Allah. Mai karatu da ke tuntuɓe a kan sunaye, ko yake gudu ba waƙafi ba aya, ya hana su abin da suka zo nema.

Shirin wa'azi aikin mako ne. Ran Litinin ka zaɓi nassi, ka karanta surar da ke gabansa da ta bayansa. Talata da Laraba ka riƙa juya shi a ranka kana aiki, kana tambaya: wa ya yi maganar, da wa yake yi, me ya sa? Ran Alhamis ka rubuta saƙon cikin jimla guda. In ya ƙi shiga jimla guda, ba ka gama fahimtarsa ba. Juma'a ka nemo misali daga abin da mutanenka suka sani, ka kuma faɗi abin da mai sauraro zai aikata in ya koma gida. Asabar ka maimaita da murya, ka rage duk abin da ya sa ya wuce rabin awa. Kada ka mai da bagadi wurin rama faɗa. In kana da magana da mutum, gidansa za ka je.

Wanda kiransa na aikin fasto ne, sai ya shiga makaranta. Mutanen yankin nan suna da kwalejin tauhidi ta ECWA a Tofa, wadda ta daɗe tana horar da masu bishara da fastocin ƙasar Hausa. Akwai ta Kagoro a kudancin Kaduna, akwai kuma babbar makarantar tauhidi ta JETS a Jos da aka buɗe a 1980. Anglika da Katolika da Baftis da HEKAN kowa na da hanyarsa ta horar da ma'aikata. Ko'ina za ka, ka tafi da amincewar ikilisiyarka a rubuce, ka kuma tsara wanda zai nome gonarka da abin da iyali za su ci. In hali ya yi, matarka ma ta yi karatu tare da kai. Kada ka raina inda ka fara. Byang Kato ɗan ƙauye ne daga Kwoi, ya fara daga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, ya zama babban sakataren ECWA a 1967, a 1973 kuma aka ba shi riƙon ƙungiyar masu bishara ta Afirka baki ɗaya, duk kafin rasuwarsa a 1975 yana da shekara 39.

Akwai karatun da ba a aji ake yinsa ba. Ka zauna da tsofaffi ka ji yadda aka yi bauta a dā, da maganar iskoki da bori da tsafin gida, don ranar da yaro ya kwanta ciwo ya ƙi tashi, wannan tsoro ne zai dawo, kuma gare ka za a zo. Ka iya yin addu'a da iyayen, ka kuma iya sa su kai yaron asibiti tun da wuri. Ka san abin da maƙwabtanka Musulmi suka gaskata daga bakinsu, don kada ka faɗi abin da ba haka yake ba.

Kuɗin jama'a

Kuɗi sun fi ɓatan koyarwa rushe shugabannin ƙauye, kuma sau da yawa ba da sata ake farawa ba. Da aro ake farawa: taki ya yi tsada, kuɗin baiko na ajiye a ɗaka, sai mutum ya ce zai mayar da kaka. Maganin wannan shi ne tsari, kuma tun kana ƙaramin ma'aikaci za ka saba da shi.

Da an tashi sujada, mutum biyu ko uku su zauna a cikin majami'a, ƙofa a buɗe. A juye kwanon baiko a kan tebur. Ɗaya ya warware takardun da aka dunƙule ya jera su iri-iri, 'yan dubu daban, 'yan ɗari biyar daban, yagaggu a gefe. Na biyu ya sake ƙirgawa da murya. Magatakarda ya rubuta kwanan wata da jimla da biro, da lambobi da kuma kalmomi, baikon sujada daban, zakka daban, gudummawar gini daban. Duk wanda ya ƙirga ya sa hannu. Ma'aji ya karɓa, kuma kada ya zama matar fasto ko ƙaninsa. In akwai asusun banki, a kai cikin makon, a kuma sa sai da hannun mutum biyu za a cire. In ta waya aka turo, a lambar asusun ikilisiya za a tura, ba ta wani mutum ba. Duk abin da aka saya, ko buhun siminti ne ko fitila, a ajiye rasit. Wata uku-uku a karanta rahoto a gaban jama'a, a bar kowa ya yi tambaya, kai kuma kada ka ɗauki tambaya a matsayin zargi.

Hatsi ma haka. Ranar godiyar kaka, a ƙirga dammunan gero da dawa a gaban shaidu, wake da gyaɗa a auna da kwano, a rubuta kafin a zuba a rumbu. A yanke shawara tun ranar a kan kason ma'aikaci, da na gwauraye mata da marayu, da wanda za a ajiye don tsakiyar damina. Rabon abinci ne ya jawo gunaguni na farko a ikilisiyar Urushalima, har manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe shi, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 6. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba, sai da 'yan rakiya da jama'a suka zaɓa. In manzo ya nemi shaidu, kai ma ka nema.

A lokacin siyasa za a kawo buhunan shinkafa da ambulan. In don ikilisiya aka kawo, a sanar a rubuta. In don a saye bakinka ne, ka mayar cikin ladabi.

Riƙon baki da sulhu

Babba juji ne, in ji Hausawa. Mace za ta kawo maka abin da ke tsakaninta da mijinta, saurayi zai faɗa maka abin da bai faɗa wa ubansa ba. Maganar ta tsaya a wurinka. Ranar da aka ji ta a bakin rijiya, ba wanda zai sake zuwa. Amma in ran wani na cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ba a rufewa. Sai a nemi fasto da hukumar da ta dace. In mace ce ta zo, ka saurare ta a inda ake ganinku, ko matarka na kusa.

A wurin sulhu, kada ka yanke hukunci da jin ɓangare guda, ko da mai ƙarar ɗan ɗakinku ne. A ƙaramar ikilisiya kusan kowa dangin kowa ne, kuma ana lura ko za ka karkata wajen gidanku. Ka bi matakan da ke Matiyu 18: a keɓe tukuna, sannan da shaida ɗaya ko biyu, sai abin ya gagara a kai gaban ikilisiya. In rigimar iyaka ce, ku taka zuwa gonar tare da tsofaffin da suka san inda tushen gamba yake tun asali. In har ta kai ga sa mutum ƙarƙashin horo, ka riƙa ziyartarsa a kai a kai, domin dawo da shi ake nema.

Maƙwabta da hukuma

Cikin sharuɗɗan Bulus akwai wanda ya fi nauyi a wurinmu: shugaba ya kasance da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba na ikilisiya ba. A nan su ne masu rinjaye, kuma da yawansu jininmu ne. Kabila ɗaya muke, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya. Ka je suna, ka je ta'aziyya, ka je barka da Sallah, ka aika da abincin Kirsimeti. In ana gayyar gyaran hanya ko yashe rijiya, a gan ka da fartanya a sahun farko. Ka riƙa gaida limamin gari tun ana zaman lafiya, don ba ranar da rigima ta tashi ake fara sabo ba.

Ka ba masu sarauta girmansu. Kafin taron da zai tara baƙi ko a kunna lasifika, ka je wurin mai unguwa ka ce, “Ranka ya daɗe, muna da taro ran Asabar, za mu yi baƙi daga ƙauyuka, mun zo mu sanar da kai.” Filin majami'a da na maƙabarta su kasance da takarda da sa hannun shaidu, a ajiye kwafi a ofishin gundumar ɗarikarku. Tun 2000 Jihar Kano ke aiki da shari'ar Musulunci, don haka ya kamata shugaba ya san abin da ya shafi jama'arsa a ciki, ya kuma san 'yancin addini da tsarin mulkin Nijeriya ya ba kowane ɗan ƙasa. In an hana yaro takardar shaidar ƙaramar hukumarsa, ko maganar aure ko sauya addini ta haɗa gidaje biyu, ka bi ta iyaye da masu sarauta da shugabannin gunduma, da ƙungiyoyi irin su CAN da Tarayyar Masihiyawan Nijeriya. Ka tsaya a kan gaskiya ba tare da zagi ba. Ka koya wa matasa cewa ba a taɓa abin da maƙwabci ke girmamawa, a baki ko a Facebook, kuma ba a tura labarin WhatsApp da ba a tabbatar ba. Ka ba da shaidar bangaskiyarka a fili ga duk wanda ya tambaya, da tawali'u, ba da gardama ba.

Kada kuma ka koya wa jama'arka ɗari-ɗari da ƙasarsu. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya yi karatunsa na farko a Wusasa, Kirista ne ɗan ƙasar Hausa da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma zama ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Yaran ikilisiyarka su ji irin wannan labari, su san suna da rabo a hidimar al'umma gaba ɗaya.

Tsari, zaɓe da magaji

Ka karanta kundin tsarin ɗarikarku kafin ka hau kowace kujera. A ECWA, dattawa ne tare da fasto ke tafiyar da ikilisiyar gari. Ikilisiyoyi da dama na haɗuwa a majalisar LCC, sama da ita akwai gunduma, wato DCC, sannan babbar majalisa mai hedikwata a Jos. Gunduma ce ke tura fasto wurin aiki, ita ke canja masa wuri, kuma mataki-mataki ake bi daga gama makaranta zuwa samun lasisi zuwa keɓewa a matsayin Rabaran. Wanda bai iya bin na sama da shi ba, ba zai iya da na ƙasa ba. Ka koyi shirya ajandar taro, da rubuta abin da aka zartar, da barin mai ƙaramar murya ya yi magana kafin a rufe batu. Ka riƙa jin shawarar Zumuntar Mata tun kafin a yanke hukunci, don a yawancin ikilisiyoyinmu su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi sanin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba.

In zaɓe ya zo, kada ka bi gida-gida neman ƙuri'a, kada ka tara 'yan gidanku su tsaya maka. In an zaɓe ka, tun makon farko ka ɗauki matashi ɗaya ko biyu ka riƙa tafiya da su, kana ba su karatu da jagorar addu'a, kana gyara musu a keɓe. Surukin Musa ya gargaɗe shi cewa ɗaukar kaya shi kaɗai zai gajiyar da shi da jama'ar duka, Bulus kuma ya umarci Timoti ya danƙa abin da ya koya ga amintattun da za su koya wa wasu. Matasanmu na kwarara birni neman aiki, kuma ikilisiyar da ba ta tanadi magada ba, tsofaffi kaɗai za su rage mata. In wa'adinka ya cika, ka miƙa littattafai da makullai da lissafi cikakke, ka koma benci ka mara wa sabon shugaba baya.

In kuwa ba a zaɓe ka ba, a nan ne za a san ko shirin ya kama. Ka je ka taya wanda aka zaɓa murna a gidansa, ka tambayi dattawa abin da ya rage maka, ka karɓi amsar ko da ta yi ɗaci. Ran Lahadi mai zuwa ka zo a kan lokaci, ka ci gaba da aikin da ke hannunka. Ikilisiya na bukatar mutanen da za a ba amanar kuɗi da sirri da yara fiye da yadda take bukatar masu muƙami, kuma irin wannan mutum, ko ba jima ko ba daɗe, jama'a da kansu za su zo nemansa.